Tikitin Kyanwoyin Yelwa: Sadaka Ce Ko Caca?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Kun san mu mata shida ne muke ciyar da kyanwoyin da ke yawo nan Yelwa. Sanyi ya shigo, 'ya'yansu na mutuwa a kwata, aljihunmu kuma ya gaji. A hutun ƙarshen shekarar nan za mu sayar da tikiti naira 500, ranar 1 ga Janairu a zaro takarda ɗaya, mai rabo ya tafi da buhun shinkafa. Wani bawan Allah ne ya ba da buhun kyauta, kuɗin tikiti duka na abinci ne da allura. Saboda haka ba caca ba ce.

Malam: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka muku. Bukhari da Muslim sun ruwaito matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Aikinku babba ne. Amma hanyar nan caca ce. Mutum ya sa 500, ko ya tashi da buhu ko ya tashi hannu rabbana, sa'a ce kawai ta raba su. Shi ne maisir ɗin da aya ta 90 cikin Ma'ida ta hana.

Kawu Direba: Allah gafarta Malam, ai Manzon Allah (SAW) yana yin ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Kuma da jefa alƙaluma aka fitar da wanda zai riƙi Nana Maryamu.

Malam: Haka ne Kawu, ƙuri'a ba laifi ba ce. To a cikinsu wa ya biya kuɗi kafin a sa sunansa? Nan gizo yake saƙar.

Maman Biyu: Malam ni ban gamsu ba. A caca kuɗin waɗanda suka faɗi ne ake ba wanda ya ci. Mu ko sisin kwabo ba ya komawa wajen mai ci. Wanda ya saya ya san kyanwa yake taimako.

Malam: In haka ne Hajiya, ki cire buhun ki gani ko tikitin zai shiga. In ba zai shiga ba, shinkafar mutane suke saye. Akwai malaman da suka sassauta in niyyar sadaka ce tsantsa, amma wa zai duba zuciyar mutum ɗari biyu? Baƙara aya ta 219 ta yarda akwai amfani a caca, sai ta ce zunubin ya fi amfanin girma.

Gwaggo: Ni abin da ya dame ni daban ne. Almajirai na kwana ba bargo, mu muna tara wa mage kuɗi?

Likita: Gwaggo, lafiyar yaran ce ma ake karewa. Kyanwa na ɗaukar ciwon haukan kare, ta ciji yaro ko ta yakushe shi ta sa masa, kuma da zarar alamun sun bayyana da wuya a tashi. Allurar rigakafin da ake yi wa dabbobi a Vom ake yin ta, nan kusa da Jos. Sannan cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, shi ya sa nake ce wa su Hajiya su sa fiɗiyar muzurai cikin lissafi. Ga ɓera kuma da kyanwa ke kamawa, shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa: yanzu ne lokacinsa, Bauchi na cikin jihohin da ya fi addaba.

Maman Grace: Mu ma a majami'armu ba kowa ne ke yarda da irin wannan tikitin ba. Amma a bikin godiyar kaka gwanjo muke yi: a ɗaga doya ko kaza, mutane su yi ta ƙara tayi, wanda ya fi ya ɗauka.

Malam: Wannan ciniki ne Maman Grace, halas. Wanda bai saya ba kuɗinsa na aljihunsa.

Maman Biyu: Gwanjon buhu ɗaya ba zai kawo abin da tikiti 200 zai kawo ba, wannan dubu ɗari ne. Kuma har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakaninmu da 'yan caca. Amma ba zan ciyar da su da abin da rabin unguwa ke ƙyama ba. In gwanjon ne, ku ƙaro kaya.

Kawu Direba: Na sa zakara biyu.

Gwaggo: Zan kawo kwanon daddawa, amma a ware wani abu a saya wa yaran tsangayar bayan masallaci bargo.