Musayar Waƙa a Kan Edward Blount, Mai Kantin Littafi na Landan

Malam Mai Alƙalami:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Yau na kawo muku wani mutum wanda bai rubuta wasan kwaikwayo ko ɗaya ba, kuma bai mallaki maɗaba'a ba, amma sunansa yana kan shafin farko na wasu littattafan da har gobe ake karantawa. Sunansa Edward Blount, an haife shi a Landan a 1562. Wanda zai amsa, ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah Mai iko nake farawa,
Shi ke ba bawa hankali da tunawa.

Zan ba ku labarin Blount na birnin Landan,
Wanda sana'arsa zaɓen littafi da sayarwa.

Mahaifinsa yana cikin ƙungiyar teloli,
Ɗan kuwa takarda ce ta ba shi sha'awa.

A 1578 aka kai shi gun William Ponsonby,
Shekara goma cur yana ta hidimtawa.

Maigidan nan ba ƙaramin mutum ba ne,
Ayyukan manyan mawaƙa Sidney da Spenser shi yake fitarwa.

Yaron da ya tashi a gindin babbar inuwa
Ba ya rasa sanin itacen dasawa.

A 1588 ya sami 'yancin kansa,
'Yan ƙungiyar littafi suka yi karɓawa.

Ya kafa kanti a harabar majami'ar Saint Paul,
Inda masu neman karatu suke taruwa.

Daga baya ya zauna ƙarƙashin allon Baƙin Beyar,
Don babu lambar gida, da hoto ake ganewa.

Marlowe mawaƙi an kashe shi a 1593,
Ya bar waƙarsa tana jiran kammalawa.

Shekara biyar bayan haka Blount ya fito da ita,
Hero and Leander, don kada ta yi ɓacewa.

Ya rubuta a gabanta cewa haƙƙin aboki yana nan,
Ko an kai shi makwanci an gama binnewa.

Wannan magana ita ta ja ni gare shi,
Ɗan kasuwa mai amana abin yabawa.

Ga zaure na buɗe, 'yan uwa ku matso,
Mai gyara ya gyara, ina saurarawa.

Malama Mai Fassara:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ta wata ƙofa daban zan shiga.

Malam, Allah ya saka maka da alheri,
Ka share mana fage tun da wuri,
Bari in ɗora nawa a kan tsari,
Kan hidimar da Blount ya yi wa fassara.

Turanci a lokacin bai yi nisa ba,
Bayan tsibirinsu ba a neme shi ba,
Masanan Turai ba su damu su koye shi ba,
Latin da Italiyanci su ne da nasara.

Sai ga John Florio malamin harshe,
Ya bi kalmomi tun daga tushe,
Ƙamus na Italiyanci da Turanci har ƙarshe,
A 1598 Blount ya fitar da abin da ya tara.

Florio ɗin dai ya sake ɗaukar aiki,
Ya juya Montaigne na Faransa, abin mamaki,
Mai binciken halin kansa daki-daki,
A 1603 Blount ya kai shi kanti ya jera.

Ku duba yadda ruwa yake gudana,
Shakespeare ya karanta shi, shaida ta nuna,
Don a wasansa The Tempest akwai wata magana,
Daga Montaigne na Florio aka ɗebo aka gyara.

Sannan Don Quixote na ƙasar Sifaniya,
Labarin Cervantes da ya zaga duniya,
Thomas Shelton ya juya shi da juriya,
A 1612, kuma cikin harsuna Turanci ne ya fara.

A 1620 kashi na biyu ya biyo,
James Mabbe ma daga Sifaniya ya jiyo,
Labarin Guzmán ɗan duniya ya kawo,
A 1622 Blount ya karɓa ya ƙara.

Ni mai fassara ce, na san wahala,
A kwana a kan kalma guda a gaban fitila,
In babu mai ɗaukar nauyi bayan an kammala,
Aikin yakan zama abincin gara.

Alhaji Mai Tsokaci:

Malam da Malama, ku yi mini afuwa,
Ni kam na shigo da ɗan tsokaci.

Yabon gwani ya zama dole, na yarda,
Amma a auna shi da sikelin adalci.

Blount ba waliyyi ba ne, ɗan kasuwa ne,
Da littafi yake neman abinci.

A 1557 fada ta ba ƙungiyarsu takardar izini,
Ta riƙe harkar ɗab'i da shugabanci.

Wanda ya kai rubutu aka shigar masa a rajista,
Ya biya sisi, ya zama shi ne mai hukunci.

Haƙƙin bugawa na mai kanti ne da iyalansa,
Ana gadonsa, ana sayar da shi a kasuwanci.

Mai rubutu akan sallame shi sau ɗaya,
In an sake bugu babu rabon marubuci.

Sai a 1710 doka ta juya lamarin,
Ta fara duban mai alƙalami da mutunci.

Ga kuma tambaya da ta daɗe a raina,
Wadda nake so ku ba ta muhimmanci.

A watan Mayu na 1608 ya yi rajistar wasannin Shakespeare biyu,
Pericles da Antony and Cleopatra, a wancan lokaci.

Bai fitar da ko ɗaya daga cikinsu ba,
Ya bar su a kulle, babu rabon makaranci.

Pericles wani ne daban ya fitar a 1609,
Antony kuwa ya yi shekara 15 cikin ƙunci.

In son ilimi ne kaɗai yake motsa shi,
Me za mu kira wannan, dabara ko sakaci?

Ɗan Maɗaba'a:

Ina neman izinin manya, domin ni aikin bugu nake yi, kuma duk lokacin da aka yi zancen littafi aka tsallake masu tsayuwa a bakin inji, sai in ji abin ya tsaya mini a rai.

Baba Alhaji, na durƙusa na gaishe ka,
Na ji nauyin da ke cikin maganarka,
Ba ni da ƙarfin ture hujjarka,
Amma ni ma ga tawa a gabanka,
Ta wanda hannunsa ya saba da tawada.

Babban kundin 1623 ake ta faɗi,
Wasannin Shakespeare 36 a takarda mai faɗi,
Shafi wajen 900, aikin babu daɗi,
Blount da abokansa su suka zuba kuɗi,
Amma a gidan Jaggard aka danna takarda.

William Jaggard tsoho ne, ya makance,
Ɗansa Isaac ke kula da abin da ya dace,
Tun 1622 ake aikin, a taƙaice,
Kafin a kai shi kasuwa tsohon ya wuce,
Ya rasu kundin na dab da barin gida.

Ku tuna masu jera baƙaƙen dalma,
Ɗaya bayan ɗaya har a haɗa kalma,
A juye suke karanta ta, ga gumi ga fama,
Idanu na yaji, yatsu na kyarma,
Ba a sa sunansu a shafi, haka al'ada.

Masana daga baya sun bi sawunsu,
Ta yadda kowa ke rubuta kalma suka gane su,
Da A da B har zuwa E suka laƙaba musu,
Akwai ɗan koyo mai yawan kuskure a cikinsu,
Kuskuren nan ne ya zame masa shaida.

Ana bugu ana gyara ba a tsayawa,
Takardar da ta riga ta fita ba a zubarwa,
Don daga Faransa ake sayowa,
Tsadarta ba ta barin a yi yarwa,
Sai kwafi ya saɓa wa kwafi, mai duba zai yarda.

Shafin farko ya ce Isaac da Blount suka buga,
Ni kuwa a nan nake son in ja daga,
Blount mai kanti ne, mai tsabtar riga,
Masu gumin na ciki, ba a hango su ta taga,
Su ma a ba su kasonsu na yabo da fa'ida.

Malam Mai Alƙalami:

Alhaji, ranka ya daɗe, ka faɗi gaskiya,
Ni ban ce Blount bai nemi riba ba.

Ƙanena na maɗaba'a, kai ma ka yi daidai,
Ba za mu danne haƙƙin masu gumi ba.

Amma ku auna kasadar da ya ɗauka,
Wadda ba kowane mai kanti zai iya ba.

Wasa guda a ƙaramin littafi sisi ne,
Ko an yi asara, ba za ta karya mutum ba.

Kundin nan kuwa sule 15 ne babu bango,
Da bangon fata ya kai fam guda, ba wasa ba.

Wasan kwaikwayo a lokacin ba shi da girma,
Manya da yawa ba su ɗauke shi adabi ba.

Bodley mai laburaren Oxford ya ce a kauce musu,
Bai so irinsu su hau kantarsa ba.

Babbar takarda ta wa'azi ce da tarihi da doka,
Marubuci Ben Jonson ya gwada da wasanninsa a 1616, bai tsira daga gori ba.

Heminges da Condell, abokan wasan Shakespeare,
Su suka tattaro rubutun, ba su yi ƙasa a gwiwa ba.

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mai shi,
Ba su bar amanarsa ta faɗi ba.

Wasu wasannin suna hannun wasu 'yan kanti,
Dole aka nemi yardarsu, ba a yi ƙwace ba.

Aka jawo Smethwick da Aspley cikin jarin,
Don ba za a tsallake haƙƙinsu ba.

Troilus and Cressida a makare ya shiga,
Har jerin sunayen farko bai ambace shi ba.

Ran 8 ga Nuwamba 1623 Blount da Isaac suka je,
Suka yi rajistar 16 da ba a shigar wa wani ba.

Wasanni 18 a kundin sababbi ne ga ɗab'i,
Ba a taɓa buga su kafin nan ba.

Macbeth da Julius Caesar da Twelfth Night,
Da The Tempest, da ƙila ba mu san su ba.

Antony ɗin da ka ce an kulle, Alhaji,
Ga shi a ciki, bai ɓata ba.

Wasu masana na ganin rajistar 1608
Katanga ce, don kada a buga ba da izini ba.

Pericles kuwa an bar shi a waje,
Ana ganin ba Shakespeare kaɗai ya rubuta ba.

An ƙiyasta kwafi 750 aka buga,
Fiye da 230 na nan, ba su hallaka ba.

Alhaji Mai Tsokaci:

Malam, na karɓi rabin jawabinka,
Kasadar kundin ta cancanci mutunci.

Batun katanga kuwa zato ne na masana,
Rajista ta yi shiru, babu mai yanke hukunci.

A 2020 an sayar da kwafi ɗaya a New York,
Kusan dala miliyan 10, a gwanjon kasuwanci.

Ina nan kan bakana game da tsarin nasu,
Ya fifita mai kanti a kan marubuci.

Malama Mai Fassara:

Alhaji, mun ji, Allah ya ƙara girma,
Ni zan bi Blount zuwa inda ya gama,
Bayan kundin bai bar sana'a ba kuma,
Ko da yake fitarwarsa ta ɗan sarara.

A 1628 ya kawo wani ɗan littafi,
Hotunan halayen mutane shafi-shafi,
Na John Earle ne, mai alƙalami mai kaifi,
Babu sunansa a kai, Blount ya yi gabatarwa ya ɗora.

A 1630 ya miƙa haƙƙinsa,
Wasannin nan 16 suka bar hannunsa,
Mai kanti Robert Allot ya karɓa ya sa a nasa,
Shi ya sa bugu na biyu da sunan Allot aka tsara.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na ƙarshe,
John Lyly, gwanin fada mai zaƙin harshe,
Tauraronsa tuni ya dusashe,
Tun 1606 ya rasu, ana manta shi shekara bayan shekara.

Blount ya nemo wasanninsa guda shida,
Waɗanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a fada,
Ya sa waƙoƙin cikinsu a kan takarda,
Waɗanda bugun baya ya zubar, shi ya tattara.

Abin da ya yi wa Marlowe tun da fari,
Shi ya yi wa Lyly da ke kwance a kabari,
A 1632 littafin ya shiga gari,
Blount ya rasu yana da 70 a wannan shekara.