Neman shawara: sabuwar monita ta ƙi wuce 1024x768, har fuskar amarya ta baje

Mai buga kati, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min, abin nan ya kusa ja min asara.

Ina da ɗan shagon zane da buga katin biki. Da laftof nake aiki, ta hannu ce, inci 14, allonta 1366x768, Windows 10 ce a kanta. Idona ya fara gajiya da ƙanƙantar allon, sai makon jiya na sayo monita inci 24, ita ma ta hannu. Mai shagon ya kunna min ita a gabana, hoto tas, ya ce 1920x1080 take ɗauka. Na dawo na jona ta da wayar VGA, mai shuɗin kai ɗin nan da noti biyu, wata doguwa da ta daɗe a durowa tun lokacin da muke ba da hayar majigi.

Hoto dai ya fito, amma komai ya yi faɗi. In na zana da'ira a CorelDRAW sai ta fito kamar ƙwai a kwance. Shekaranjiya wata hajiya ta kawo hoton 'yarta za a sa a katin kamu, ta leƙo ta ga fuskar yarinya ta baje, ta ce, "Malam, 'yata fa ba haka take ba." Ni kuma da rawar jiki na matse hoton ta gefe da gefe har ya yi daidai a idona. Da na buga gwaji sai ga amarya a tsotse kamar ta yi jinyar wata uku. Allah ya so ni ɗaya na buga, ba ɗari biyun da aka ce ba.

Ita ma laftof ɗin tun da na jona sai baƙi ya fito mata dama da hagu. Na shiga saiti, 1024x768 da 800x600 kawai nake gani. Monitar ce ba lafiya? Mako ɗaya mai shagon ya ba ni, saura kwana biyu.

Ƙaramin Injiniya:
Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka mayar tukuna. Danna maɓallin Windows tare da P, ka ga a kan me take. Ina kyautata zaton a kan Duplicate take. A nan hoto ɗaya ake raba wa allo biyu, dole a nemi girman da dukansu suka yarda da shi, sai babba ya sauko ya bi ƙarami. Shi ya sa laftof ɗinka ta yi baƙi a gefe. Ka zaɓi Extend, kowa ya ci gashin kansa.

Bayan nan ka shiga Settings, System, Display. Za ka ga akwati biyu, 1 da 2. Sai ka fara danna akwatin monitar kafin ka sauka wurin Display resolution. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, suna ta canza na laftof suna mamakin monita ba ta motsa ba.

Mai buga kati, Kano:
Allah ya yi albarka ƙanena. Duplicate ɗin ce kuwa. Na mayar Extend, laftof ta koma yadda take, baƙin ya tafi. Amma na danna lamba 2, har yanzu 1024x768 ce ƙarshenta. Ƙwai na nan yadda yake.

Sarkin Fomat:
Oga direba ce babu, manhajar nan da ke sarrafa hoton kwamfuta. Ka kai a yi mata fomat a sa sabuwar Windows, komai zai dawo daidai. Ni haka nake yi.

Malama daga Zariya:
Haba Sarkin Fomat, ciwon ɗan yatsa sai a yanke hannu? Mutum da ayyukan jama'a cike da kwamfuta, ga biki ya matso. Kuma da a ce direbar hoto ce babu gaba ɗaya, da Extend ɗin ma ba za ta yi ba, domin wadda Windows ke lallaɓawa da ita kafin a sa ta gaske, Microsoft Basic Display Adapter, ba ta iya raba allo biyu. Tunda ta raba, akwai direba.

Malam, don a cire shakka, danna dama a kan Start ka buɗe Device Manager. Duba abu biyu ka faɗa mana: sunan da ke ƙarƙashin Display adapters, da kuma sunayen da ke ƙarƙashin Monitors.

Ƙwan da kake gani kuwa lissafi ne kawai. 1024x768 fasalin 4:3 ne, irin na tsofaffin talabijin masu ƙeya. Monitarka 16:9 ce. In aka ja na farko ya cika na biyu, komai zai ƙara faɗi da kashi ɗaya bisa uku. Don haka kada ka ƙara gyara hoton kowa da ido har sai an warware wannan.

Mai buga kati, Kano:
Malama na gode. Na sama an rubuta Intel HD Graphics 520. A Monitors guda biyu ne, ɗaya Generic PnP Monitor, ɗayar Generic Non-PnP Monitor.

Baba mai gyara:
Yawwa, ga ɓarawon nan an kama. Ɗana, wannan Non-PnP ɗin ita ce monitarka, kuma abin da kwamfuta ke cewa shi ne, "Na san akwai wani a bakin ƙofa, amma bai faɗi sunansa ba."

Bari in yi maka dalla-dalla. Kowace monita tana da ɗan bayani a ajiye a cikinta, ana ce masa EDID. A ciki akwai sunanta, da girmanta, da irin rizolushin ɗin da take ɗauka, wato lambobin nan irin su 1920x1080, da wanda ta fi so. Da ka jona waya, kwamfuta takan nemi wannan bayanin kafin komai. In ta samu, sai ta jera maka 1920x1080 har ta rubuta Recommended a gefensa. In ba ta samu ba, ba za ta yi kasada ba, sai ta ba da ƙaramin da ta san kusan kowace monita za ta ɗauka. To shi ne 1024x768 ɗin da ka maƙale a kai.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, hanyar hoto daban, hanyar wannan bayanin daban. Kan VGA allurai 15 ne, layi uku, biyar-biyar. Na 1 da 2 da 3 su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi. Na 13 da 14 su ke daidaita tafiyar hoton. Shi kuwa EDID ta na 12 da 15 yake bi. Saboda haka waya tana iya kawo hoto lafiya lau alhali monita ta zama bebiya. Na sha yanka irin wayoyin nan masu araha, sirara kamar igiyar caja, in tarar ba a ma sa zaren 12 da 15 ba sam, an yi tsimi. Wata kuma akwai, amma allurar ta lanƙwashe ko ta nutse.

Ka zare wayar, ka haska kanta da fitilar wayarka, duka ɓangarorin biyu. Duba layin ƙarshe. In ka ga ta 9 babu a layin tsakiya kada ka damu, wayoyi da yawa haka suke zuwa. Sannan ka ari wata wayar, gajera mai kauri, ka gwada. Ka kashe monita da laftof kafin ka jona.

Ƙaramin Injiniya:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai, masu amfani da ɗan adaftan nan na HDMI zuwa VGA su ma haka take faruwa da su, wani ba ya wuce da bayanin monitar. Ni a Linux, wadda nake amfani da ita a madadin Windows, ya taɓa yi min, sai da na ƙirƙiri girman da hannu da wasu umarni, cvt da xrandr. Ya yi aiki, amma da na sake kunna kwamfuta ya gudu. Ƙarshe dai adaftan na canza.

Mai buga kati, Kano:
Baba, Allah ya ƙara girma! Na haska, wallahi allura ta biyu a layin ƙarshe ta kwanta ta jingina da maƙwabciyarta. Na so in miƙe ta da tsinken ashana, sai ta karye min. Na aro wayar maƙwabcina mai fotokwafi, gajera ce, ina kunnawa sunan monitar ya fito, 1920x1080 ta hau da kanta. Da'ira ta zama da'ira. Ashe ɗan mutane zan je in ɗora wa laifi a banza.

Sai dai sabon abu biyu. Rubutu yana ɗan dishi-dishi, kamar da inuwa a gefensa, kuma da aka ɗauke wuta muka ta da janareto sai na ga wasu layuka suna rarrafe daga ƙasa zuwa sama. Na biyu, rubutun ya yi ƙanana. In rage zuwa 1366x768 ne ya ɗan girma?

Malama daga Zariya:
A'a Malam, kada ka rage. Allon nan ɗigo-ɗigo ne ƙidayayyu, 1920 a kwance, 1080 a tsaye, sama da miliyan biyu. In ka ba shi wani adadi daban, dole ya shafa hoton ya cike gurbi, dishi-dishin da kake kuka da shi ya ƙaru. Wahalar da aka sha ta tashi a banza ke nan. Ka bar rizolushin a inda yake. A shafin Display ɗin nan dai, sama kaɗan, akwai Scale. Danna akwatin monitar ka mai da shi 125%. Rubutu zai girma, kaifinsa na nan. Kowane allo da nasa, ba sai sun zama ɗaya ba. In wata tsohuwar manhaja ta yi hazo bayan ka canza, rufe ta ka sake buɗewa, ko ka fita daga Windows ka sake shiga.

Amma ka ɗan ba idonka kwana biyu tukuna. Ka saba da manyan haruffan 1024 ne. A gaskiya ɗigon monitarka ya fi na laftof ɗin girma: ita kusan 92 ne a kowane inci, laftof kusan 112.

Baba mai gyara:
Na inuwar, duba maɓallan monitar, akwai wanda aka rubuta Auto, ko ka same shi a cikin menu. Buɗe shafi mai rubutu da yawa ka danna shi, allo zai ɗan yi rawa ya zauna. Da VGA kawai yake aiki.

Layukan janareto kuwa halin VGA ne. Tun 1987 aka fito da ita, siginarta analog ce, wato hawa da saukar wuta ne ke ɗauke da hoton, duk dattin da ke cikin wuta tana iya kwasowa ta nuna maka. Gwada zare cajar laftof ka gani, in layukan sun ɓace to daga wuta ne. Ka raba wayar da wayoyin wuta, kada su kwanta tare, ka kuma ɗaure notin nan biyu.

Amma ni in ka bi tawa, mai aikin kala bai kamata ya zauna a kan VGA ba. Leƙa gefen laftof ɗin da bayan monitar ka faɗa min ramukan da ke akwai.

Mai buga kati, Kano:
Auto ta yi aiki Baba, inuwar ta tafi. Da na zare caja layukan ma sun tsaya. A laftof akwai wani rami kamar HDMI amma wayar HDMI ta ƙi shiga, gefe ɗaya ne kawai a yanke. A monita akwai VGA da HDMI.

Baba mai gyara:
Kada ka tura da ƙarfi! DisplayPort ce wannan. Ka nemi waya mai DisplayPort a kai ɗaya, HDMI a ɗayan. Hanya ɗaya take bi, daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na monita, kuma daidai da buƙatarka ke nan. Ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka kafin ka biya.

In ka jona ka ga baƙi ya koma toka-toka, kala ta yi fari-fari, ba wayar ba ce. Wani lokaci kwamfuta takan ɗauka talabijin aka jona mata, sai ta taƙaita kala daga 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255. Shiga manhajar saitin hoto ta Intel, nemi Quantization Range, ka sa Full.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri in raɓa da tawa. Ni talabijin na jona da HDMI a matsayin allo na biyu. Kwamfutata da Faransanci take, na sa Étendre kamar yadda aka ce. Hoto ya yi kyau, amma gefuna sun shige ciki, layin ƙasa rabi nake gani, agogo ma ya ɓace.

Ƙaramin Injiniya:
Wa alaikumus salam. Naka ba daga kwamfuta ba ne, rimot za ka ɗauka. Talabijin takan ɗan zuƙo hoto ta yanke gefuna, gadon zamanin da ne. Shiga saitin girman hoto: a LG ana ce masa Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen. In akwai wurin sa wa ramin HDMI ɗin suna, sa masa PC. Kuma ka duba, yawancin ƙananan talabijin inci 32 ainihin allonsu 1366x768 ne ko da sun karɓi 1080, don haka in rubutu ya yi hazo gwada wancan.

Mai buga kati, Kano:
Jama'a na samo wayar yau da safe, an gwada a gabana. Yanzu haka a kan janareto nake, caja a jone, babu layi ko ɗaya. Na mayar wa maƙwabcina tasa, tsohuwar kuma na jefa ta kwandon shara kafin wani yaro ya sake ɗauko ta. Hoton amarya na koma kan na asali na sake aikin daga farko, Hajiya ta zo ta gani ta ce yanzu ne ta ga 'yarta.

Saura ƙaramin abu. In zan tsallaka da kibiyar linzami daga monita zuwa laftof, wani lokaci ta wuce, wani lokaci ta toge a gefe kamar ta ci karo da bango.

Malama daga Zariya:
Tsayinsu ne ba ɗaya ba, ɗaya 1080 ɗaya 768, sai ta inda akwatunan suka haɗu kibiya ke samun ƙofa. Koma wurin 1 da 2 ɗin nan, ja ƙaramin da linzami ka ajiye shi yadda laftof ɗin take a kan teburinka. In tana ƙasa-ƙasa da monitar ne, daidaita gindinsu, sannan ka danna Apply.