Fijo 504 ta Baba: ina so in sa mata giya biyar a gida, me zan iya sassaƙawa da kaina?

Malam_Rikkos ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa, dan Allah masu sanin ƙarfe da tsofaffin kanikawa ina neman shawara. Ni malamin makaranta ne anan Jos, ba bakanike bane, sha'awa ce kawai tun ina yaro. Ina da Fijo 504 salun ta 1979 wadda mahaifina Allah ya jiƙansa ya saya sabuwa dal, haɗin kamfanin Fijo na PAN Kaduna, a cikinta aka kaimu makaranta a cikinta aka ɗauko amaryar yayana, toh kunga ba motar sayarwa bace. Injin lafiya lau yake, matsalar a giyabos take. Giya biyu tana ƙara ƙurrr in na sa ta da sauri musamman da safe cikin sanyin nan namu, giya uku kuma fita takeyi da kanta ta koma firi in na ɗaga ƙafa daga totur. Watan jiya ina gangara Hawan Kibo zani Abuja da iyali ta fita sau biyu, saida na riƙe sandar giyar da hannu ɗaya sitiyari da ɗaya har muka sauka, wlh ranar naji tsoro sosai dan kunsan gangaren nan da giya ake saukarsa ba da birki kaɗai ba.

Shine na samo giyabos mai giya biyar da aka ciro daga Fijo 505 a kasuwar kayan mota ta Dilimi, yana nan a garejina akan katako. Dama na daɗe ina son giya biyar saboda in na miƙe hanyar Bauchi injin kuka yakeyi a giya huɗu kamar yana neman a ƙara masa wata. Ina da ƙaramin injin lez, wato na sassaƙar ƙarfe, Myford ML7 ɗan Ingila, na saye shi wajen wani dattijo a Bukuru da yace tun zamanin kamfanonin kuza yake hannunsa. Na iya yin bushin da washa da ƙananan abubuwa dashi, nayi wa maƙwabta da yawa.

Da na buɗe mai biyar ɗin naga zoben sinkuro ɗaya, wato zoben dake daidaita gudun giya kafin ta shiga, ya cinye, ƙaramar giyar ribas kuma haƙori ɗaya ya ɓantare. Sannan da na jera shi da tsohon a ƙasa ya fishi tsawo da kusan faɗin tafin hannuna, kenan farfela da bututun da take juyawa a ciki sunyi tsawo. Tambaya ta: zan iya sassaƙa zoben da tagulla? zan iya cike haƙorin da walda in gyara shi da magagari? sannan farfelar zan iya yanke ta a gida in haɗa? Kuɗi ba wasu masu yawa bane dani amma lokaci akwai, hutu ya kusa. Nagode.

Oga Sale Farin Gada ya rubuta:

Wa alaikumussalam Malam. Allah ya jiƙan Baba. Shekara talatin da wani abu ina kwance giyabos ɗin Fijo tun ina yaron shago, bari in faɗa maka abinda na sani.

Farko dai kafin ka taɓa komai leƙa ƙarƙashin motar ka duba bayanta. 504 iri biyu ce ta baya, akwai wadda aksul ɗinta ke ɗaure a jikin bodi kowace taya da nata shaf, akwai kuma mai doguwar aksul guda ɗaya irin ta wagon da fikof, kuma wutsiyar giyabos ɗinsu ba ɗaya bace, mai doguwar aksul tana da gwiwa a bayan giyabos dan bututun ya riƙa hawa da sauka. In ka sayo na wannan kace zaka sa a wancan zaka sha wahala ne kawai. Ka koma wajen wanda ya sayar maka ka tambaye shi daga salun ya ciro ko wagon.

Maganar haƙori kuma ka manta da walda. Ɗauki magagarinka ka goga a jikin haƙorin giyar kaga, zamewa zaiyi kamar akan gilashi ko alama bazai bari ba, saboda bayan an yanka haƙoran a kamfani gasa su akeyi fatar waje tayi tauri cikin ya zauna da ɗan laushi dan kar ya karye. Kana sa masa wutar walda ka kashe wannan taurin a haƙoran dake kusa, abinda ka cika kuma ko yayi laushi ya cinye ko ya ɓalle, in ya ɓalle ina zashi? cikin mai zai faɗa ya bi ya shiga tsakanin sauran haƙora. Na taɓa buɗe wani da akayi masa haka a wani gareji, guntun da bai kai ƙwayar masara ba ya tsaga kasko ya cinye boris biyu, wato zobban ƙwallaye da shaf ke juyawa a kai. Giyar ribas ba tsada gareta ba, ka nemi tsohon giyabos da ya mutu ka ciri tata, in babu a Dilimi akwai a Panteka Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Tsohon naka mai huɗu, wanda ake kira BA7, ciwonsa ba na mutuwa bane. Ƙarar giya biyu sinkuro ne. Fitar giya uku kuma ko ƙananan haƙoran da kwala, wato zoben dake zamewa ya kulle giya, ke kamawa sun zama kan tsinke, ko cokalin dake tura kwalar ya cinye, ko ɗan sifirin da ƙwallon dake riƙe sandar sun saki. Wani lokacin ma robar da inji ke zaune akai ce ta mutu, inji na rawa yana fizgo giyar. Kuma wane mai kake zuba masa? Yara da yawa yanzu man aksul mai kauri suke ɗurawa, alhali littafin motar baƙin man inji yace, lita ɗaya da ɗan ɗori. Mai kaurin nan da sanyin Jos shi kansa yana sa giya biyu ƙara da safe.

Injiniya_Apo ya rubuta:

Oga Sale ya gama magana akan haƙori, ni akan lez ɗin zanyi magana dan aikina kenan, ina Abuja amma a Jos nayi karatu.

Malam ML7 inji ne mai kyau, tun 1946 aka fara yinsa kuma har yau mutane na ji dashi, amma ka san girmansa. Tsakanin kai da wutsiya inci 20 ne kawai, ramin cikin sandarsa kuma babban yatsanka ma da ƙyar, farfelar 504 ta wuce mita ɗaya, toh ta ina zaka ɗaura ta? In ka yanke ta da giranda ka haɗa akan benci da ido zata kama, zatayi kyau a gani, amma abinda ke juyawa sau dubu uku dubu huɗu a minti ɗaya ko rabin milimita ya karkace zakaji shi a kujera, kuma tunda a cikin bututu take ba gani zakayi ba sai ta cinye boris ɗin tsakiya da sil ɗin wutsiya. Ni ya taɓa faruwa dani da wata tsohuwar mota, na kai wa wani mai walda ya rage min, ina kaiwa 80 madubi ya fara rawa har bana ganin na bayana, sati uku mai ya fara zuba. In dole sai an yanke, a babban lez akeyi, a sassaƙa ɗan toshe da zai shiga cikin ɓangarorin biyu da matsi ya riƙe su a layi ɗaya, a ɗiga walda ɗiga ɗiga ana juyawa ana duba agogon awo, sannan a zagaye. Amma kafin duk wannan ka koma wajen motar da aka ciro giyabos ɗin ka sayi farfelarta da bututunta gaba ɗaya, tazarar tayar gaba da ta baya a 504 da 505 kusan ɗaya ce, ka auna da tef wataƙila ba sai ka yanke komai ba. Kaga ta Baba sai ka ajiye ta yadda take.

Zoben sinkuro ma ban baka shawara ba. Ba zobe bane kawai, birki ne ƙarami, cikinsa a karkace yake daidai da mazugin giyar, kuma akwai ƴan siraran layuka a ciki da suke yanke mai dan ya kama. In karkatar ta kuskure ko kaɗan bakinsa kawai zai taɓa, ko yaƙi kamawa ko ya kama yaƙi saki. Ƙarfensa ma haɗi ne na musamman ba tagullar da ake sayarwa a kasuwa ba. Gwajinsa mai sauƙi ne, shafa mai ka ɗora shi akan mazugin ka danna ka murɗa, mai kyau zai cije, wanda ya mutu zai zame ya zauna har ƙasa ba rata.

Inda injinka zaiyi maka rana shine ƙananan abubuwan da babu su a kasuwa yanzu. Bushin ɗin sandar giya da sandunan haɗi, waɗannan kayi su da tagulla ko farar roba mai tauri giyar zata daina lilo a hannu. Sifesa da washa na rage wasan shaf gaba da baya. Ƙarfen buga boris da sil dan kar ka buga su da guduma kai tsaye. Sandar saita kuloci. Har bushin ɗin gindin kiranshaf inda hancin shaf ɗin giyabos ke shiga, shi ka auna da ma'aunin maikuromita ba da na baniya ba, kuma in ka samu irin tagullar nan mai shan mai ka jiƙa ta a baƙin mai ta kwana. Boris in zaka sa shi a shaf ɗumama shi a mai kamar digiri 80 zuwa 100 zai zame da kansa, kar ya wuce 120, kar kuma ka haska masa wutar gas.

Abu ɗaya da zan ƙara dan kar ka sa rai da yawa, giya biyar bata ƙara ƙarfi. Giya huɗu ɗaya da ɗaya ce da inji, ta biyar ƙasa da haka, misali in 0.85 ce inda inji ke juyi 4000 zai dawo 3400, ƙara ta ragu mai ya ɗan ragu. Amma Jos tudu ce, mita dubu da ɗari biyu sama da teku, inji mai kafireto dama numfashinsa na raguwa anan, in ka ɗauko iyali da kaya a hawa saika dawo huɗu ko uku. Malejinka ma ka gwada shi da ma'aunin gudu na waya bayan ka gama dan yana iya yin ƙarya.

Baba Ɗanladi Gangare ya rubuta:

Ɗana ni ban goyi bayan canjin nan ba gaskiya. Nayi haya da 504 Jos zuwa Kano shekaru, giya huɗu ce kuma bata taɓa bani kunya ba, motar da ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 ai ba raguwa bace. Irin ta mahaifinka da ba'a taɓa ba ta fara wuya, kullum sai kaga an sa musu injin wata mota an huda nan an yanke can. Gyara nata na asali ka maida mata. In kuma ranka ya riga ya kwanta akan biyar ɗin to na roƙe ka kar ka yanki bodi, kar ka faɗaɗa ramin sandar giya, duk abinda ka cire ka wanke ka shafa giris ka ɗaure a buhu ka rubuta suna, wataran ɗanka zai nema.

Malam_Rikkos ya rubuta:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Baba Ɗanladi maganarka ta shige ni, in sha Allah ba zan yanki komai a jikinta ba, in sai an yanka to na fasa.

Jiya bayan la'asar na gwada abinda Oga Sale yace, na goga magagari a haƙorin ribas ɗin, ko gezau, sai sheƙi kawai ya bari. Walda ta fita a raina. Na kwance noti na zubar da man tsohon giyabos ɗin a roba, mai kauri ne baƙi ƙirin mai warin nan na man aksul, kuma da na juya robar a rana ƙasan yana ƙyalli da garin ƙarfe, ƴata ƙarama ma saida ta tambaye ni ko zinari ne. Na leƙa ƙasa kuma, tawa mai aksul a jikin bodi ce, mai kayan ya tabbatar min nasa daga salun ya fito kuma bututun da farfelar suna nan bai sayar ba, Asabar zanje da tef. Robar inji ta gefen direba ta tsage biyu, ban taɓa lura ba.

Yanzu shirina shine in fara da mai huɗun tunda shi na sani, in canja roba da sinkuro da sifirin in zuba man da ya dace, in hau ta inji ko giya uku zata zauna. Mai biyar ɗin in bishi a hankali akan benci lokacin hutu. Na riga na ɗaura guntun tagulla a lez na fara bushin ɗin sandar giya daren jiya kafin NEPA su ɗauke, na farkon yayi sako sako da kamar gashi biyu, yau zan sake wani. Oga Sale in ba damuwa zan kawo maka kwalar giya uku da cokalinta garejinka ka duba min da idonka, dan ni na kasa gane ko cinyewar ta kai a canja. Ƙarfe nawa kake buɗewa ranar Asabar?

Oga Sale Farin Gada ya rubuta:

Takwas ina nan Malam. Kazo da shaf ɗin gaba ɗaya kar ka zare komai a kai, akwai washa da in ka juya ta baibai sai mun sake kwancewa. Ka biyo da bushin ɗin naka ma in gani.