Fanka ya sayo mini, bakina ya ja mini, yau kwana tara babu hira

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 11 da aure, 'ya'yanmu huɗu, muna zaune a unguwar Herwagana da ke Gombe, cikin gidan su maigidana na gado. Ciki da falo ne namu, ɗakin Dada, mahaifiyarsa, yana kallon nawa. Maigidana malamin firamare ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, in ya taso makaranta sai ya ci abinci ya karɓi Keke Napep ɗin abokinsa, ya yi ta jigila tsakanin Tashar Dukku da Babbar Kasuwa har bayan isha'i. Ni kuma ina awara, yara su fitar ƙofar gida. Tsakani da Allah ban taɓa kwana da yunwa ba. Duk kaka sai ya je Tudun Hatsi ya ajiye mana masara da wake. Dada kuwa ba ta da matsala, ita ke zama da faifai tana tsince mini wake, auta na goye a bayanta, in na ce ta kawo shi ta ce in je in ji da tukunyata.

Watan jiya na je Abuja sunan ƙanwata, na yi kwana shida. Yarinyar da ni na goya ta. Wutar sola dare da rana, famfo har cikin kicin, inji ke mata wanki. Wallahi na yi mata murna. Amma ranar da na dawo na ga jarkokinmu huɗu jere a tsakar gida muna jiran mai ruwa, sai wani abu ya tokare mini ƙirji. Tun daga nan komai na gidan haushi yake ba ni, har ƙarar ƙyauren ɗakina.

Ana haka ya shigo da dare ɗauke da kwali, fanka ce mai caji, saboda ƙurajen zafi sun feso wa auta. Yara suna ta tsalle. Ni kuma na faɗi wata magana. Ya dube ni ya ce, "Allah ya hore mini abin da ya fi haka," ya fita. Yau kwana tara. Yana amsa gaisuwa, yana ajiye kuɗin cefane a kan talabijin, amma babu hira. Fankar tana nan cikin kwalinta, a zafin nan na Gombe, ba wanda ya taɓa ta. Na san ina cikin ni'ima, amma ba na jin ta a zuciyata. Yaya zan yi?

Hajiya Babba: 'Yar nan, kin ba mu labarin faifan wake tiryan-tiryan, da kika zo kan maganar da kika faɗa sai kika tsallake. Me kika ce masa? Ko ma mene ne, ke ce da laifi. Ki buɗe Suratu Ibrahim aya ta 7, Allah ya ce in kun gode zai ƙara muku. Annabi (SAW) ya ce mu dubi na ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Shekarata 34 a ɗakin miji. Yau ɗin nan ki yi masa tuwon da ya fi so, ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Magana ta ƙare.

'Yar Bolari: Hmm. Wata na neman wanda zai ajiye kuɗin cefane, wata an ajiye mata tana kuka. Nawa ya tafi Legas neman kuɗi, shekara uku ke nan, sai ya ga dama yake ɗaga waya. Da sallar bara ɗinkin yara ma yayana ne ya yi. Uwarsa kuwa ko ruwa na ba ta sai ta leƙa kofin. Ki ba ni Dadarki in ba ki tawa.

Maman Biyu: Ni fa ban yarda a taru a kanta ba. Da mace ta buɗe baki sai a ce ta gode Allah. Ai ta gode, ba ku ga rabin rubutunta yabonsa ba ne? Shekara 11 tana sayen ruwan jarka, don ta gaji rana ɗaya ba ta zama butulu ba. Shi ma gaba da iyali har kwana tara a ina aka koya masa? Kada ki durƙusa, ki zaunar da shi ku yi magana kamar manya.

Mai tambaya: Hajiya, cewa kawai na yi a gidan ƙanwata ko ɗakin maigadi akwai irinta. Kuma gaskiya ce, na gani da idona. Ba da nufin raini na faɗa ba, fita ta yi. Maman Biyu, ba gaba yake yi ba, don Allah kada a zage shi, shi haka yake in ransa ya ɓaci.

Hajiya Babba: Innalillahi! A gaban 'ya'yansa? Mutum ya wuni yana shaƙar ƙura a keke ki haɗa shi da maigadin ƙanwarki? Da mari kika yi masa da ya fi sauƙi. Maman Biyu, irin shawararku ce ke mayar da mata gidan iyayensu. Ke kuma Abujar nan ki yi mata sallama, kwana shida ta lalata miki shekara 11.

Adda daga Kumo: A'a Hajiya, zumunci ba a yanke shi saboda injin wanki. Ni a ganina rashin abin hannu ne ke damun ki. Awara nawa take kawowa, ga tsadar waken suya ga mai? Ki roƙi ƙanwar taki jari, ki sayi firiza ki riƙa ƙanƙara da zoɓo. Kafin azumi ya zagayo kin ja famfo da kuɗinki.

'Yar Bolari: Firiza da wace wutar? Mu nan sai mu yi kwana biyu ba mu ga ƙyallinta ba, amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara.

Mai tambaya: Adda, ba zan iya roƙon ƙanwata ba, ni ce babba, kuma mijinta zai ji. Durƙuson ma da Hajiya ke faɗa, gidanmu ko tari ka yi Dada na ji, ga yara a falo. Na so in tura masa saƙo ta waya sai na ga kamar raini ne.

Amaryar Tumfure: To ki bi ta hannun Dadar mana, tunda kuna shiri.

Mai tambaya: Ta riga ta sani. Ba ta ce mini komai ba, sai shekaranjiya tana tsintar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce wai adashi ya shiga da malaman makarantarsu wata uku, ɗaukarsa ce ya sayo fankar, shi da ya so ya canja tayar babur ɗinsa. Tun lokacin na kasa haɗa ido da ita. Amma ni ma fa a duba, da ya tambaye ni da ruwa zan ce, ba fanka ba.

Maman Biyu: Yawwa, abin da nake faɗa ke nan. Ba sa shawara da mu.

Hajiya Babba: Har yanzu kina kare kanki. Ba neman shawara kika zo ba, neman wanda zai ce kin yi daidai kike. Tashi ki ciro fankar nan ki kai shagon caji, ya shigo ya tarar tana kaɗawa a kan yaron. In kin kasa magana ita za ta yi miki.

Amaryar Tumfure: Don Allah nawa ya saye ta, kuma tana kai asuba in an cika cajin? Tawa awa uku take mutuwa.

Mai tambaya: Ban sani ba, ban buɗe ba. In na kunna yanzu kuma ba zai ce don Dada ta faɗa mini kuɗin adashi ne ba?

Hajiya Babba: Ya ce ɗin mana. Kin kai cajin ko kina nan kina danna waya?