Sifili ya faɗo cikin tazarata, in biya a sake lissafin?

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum. Furojet ɗina kan dankalin turawa ne, na gwada takin zamani da kashin kaji a fuloti 30 a Bokkos, sha biyar-biyar. Bambancin ya fito buhu 0.9, tazarar amincewa ta kashi 95 (wato iyakokin da ake kyautata zaton ainihin bambancin yana ciki) daga -0.4 zuwa 2.2, p kuma (ma'aunin da ake so ya sauko ƙasa da 0.05 kafin a ce akwai bambanci) 0.17. Malamina ya ce ban samo komai ba. Wani mai shagon kwamfuta a Taminus ya ce in kawo dubu 25 ya gyara. Saura sati biyu in kare aikin. In biya?

Maman Iman: Dubu 25? Dubu 10 aka yi wa ƙanwata da manhajar lissafi ta SPSS a Unguwar Rogo, har da babi na huɗu.

Na Farin Gada: Ɗan'uwa, kar ka kuskura. Ni dubu 40 na biya. Mutumin ya goge layuka shida daga bayanaina, p ta sauko 0.04, amma ya manta da teburin tazarar, sifili na nan zaune a tsakiya. Malamin da aka gayyato daga waje ya buɗe shafin, ya ce ta yaya na yi watsi da hasashen babu bambanci alhali tazarata ta haɗa da sifili? Wallahi gumi ya jiƙa min riga duk da sanyin Jos. Shekara guda na ƙara, kuɗin makaranta, kuɗin haya, sai da Baba ya sayar da akuyoyinsa. Mutumin kuwa ya daina ɗaukar wayata.

Maman Iman: Subhanallahi! Allah ya mayar da alheri.

Malam Tanko: Ɗana, abin da ya kama shi ke nan. Tazarar kashi 95 da gwaji mai ɓangare biyu (mai duba ƙari da ragi duka) a matakin 0.05 magana ɗaya suke yi. Sifili na ciki, p ta haura 0.05; yana waje, ta gaza. Amma tazarar ta fi faɗin gaskiya: taka na cewa taki ɗaya zai iya fin ɗayan da buhu biyu, zai iya kuma gaza shi kaɗan. Ba ta ce babu bambanci ba, fulotin ne suka yi kaɗan. Sai ka ninka su huɗu kafin faɗinta ya ragu da kusan rabi. Masanin lissafi Neyman ya tsara ta tun 1937 don irin wannan. Ka rubuta haka.

Sadiq Rayfield: Ka mayar da ita kashi 90 kawai.

Malam Tanko: Na lissafa, kusan -0.2 zuwa 2.0 ne. Sifili bai fita ba. Kuma ba a canza mataki bayan an ga sakamako.

Sadiq Rayfield: Malam, da girmanka, ba kai za ka sa masa hannu ba. Wanda ya taɓa shiga ɗakin nan shi ya san zafinsa.

Na Farin Gada: To ni na shiga, kuma maganar Malam nake goyon baya.

Autan Mama: A kawo dankalin a soya da ƙwai, mu za mu faɗi wanda ya fi.

Maman Iman: Ni abin da ke min ciwo, malami ya riƙe fayil wata uku bai duba ba, sai ana saura sati biyu ya ce babu sakamako. Nawa ma sau huɗu na buga babi ɗaya.

Sadiq Rayfield: Nawa ake buga shafi yanzu a wajenku?