H125 ko Bell 407: Wanne Ya Dace da Tudun Jos?

Bakanike: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake wallahi. Shekara 11 ina gyaran jirgi mai saukar ungulu. Kamfaninmu zai ɗauki hayar jirgi don aikin auna ƙasa wajen Barikin Ladi da Bokkos, na zauna na rubuta shawara shafi uku, ko buɗe takardar ba a yi ba. Jos ta haura mita 1,200 daga bakin teku. In zafin Maris ya buɗe, iska takan yi shara-shara, farfela ba ta samun abin kamawa, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Wurin H125, jirgin Faransa na kamfanin Airbus, ke nan. Irinsa matuƙi Didier Delsalle ya sauke a kan ƙololuwar Everest ranar 14 ga Mayu 2005, mita 8,848. Yana ɗaga kilo 1,400 a rataye da igiya. Amma suka je suka kwaso mana akwalar Bell 407.

Kaftin: Wa alaikumus salam. Akwala? Ɗana, janye wannan kalmar. Na tuƙa 407 tun kana makaranta. A 1996 ya fara aiki. Shi kuwa naka, asalinsa AS350 ne da ya fara tashi a 1974, daga baya aka inganta shi aka sauya masa suna. In tsufa ne akwalanci, wa ya girmi wani?

Bakanike: Ranka ya daɗe, ba tsufa nake nufi ba. Ƙarfi a kan tudu nake magana.

Kaftin: To ka ce "bai kai shi ƙarfi ba". Akwala zagi ne.

Ɗan Bukuru: Gaskiya Baba Kaftin ya fi ka. Akwala ita ce motar da sai an tura ta tashi. Ka taɓa ganin an tura jirgi?

Malama: Ba dole sai mota ba fa. Kakata tsohuwar jaka ma akwala take ce mata. Duk abin da ya gaji ya kasa aikinsa ya shiga ciki.

Ɗan Bukuru: Malama, ai kin ƙara tabbatar da maganata. Jirgin ya gaji ne? Ya kasa tashi ne?

Malama: Ni ban ce ya gaji ba, ma'anar kalma na gyara maka. Kada ka sa mini magana a baki.

Mai Shago Terminus: Ni dai komai kyansa, in dai na Faransa ne ban yarda da shi ba. Ku tambayi 'yan uwanmu na Nijar me ya sa suka sallami sojojinsu a 2023.

Direba: Haba Alhaji! Me ya haɗa inji da siyasa? Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba ta Faransa ba ce? Ita ta yi jigilar iyayenmu daga Jos zuwa Maiduguri shekara da shekaru. Har gobe akwai masu lodi da ita a tasha.

Mai Shago Terminus: Yau ina take? Toyota ta kore ta daga titi.

Direba: Toyota ta Japan ce, ba ta Amurka ba irin Bell, sai ka nemi wata hujjar.

Ɗalibin Zariya: Don Allah ƙaramin gyara. Bell kamfanin Amurka ne, amma 407 a Mirabel ta ƙasar Kanada ake haɗa shi, injinsa kuma Rolls-Royce. H125 injin Arriel na Safran gare shi. Dukansu inji ɗaya ne. 407 farfela huɗu, H125 uku.

Mai Shago Terminus: Yaro, ba mu ce ka karanto mana littafi ba.

Bakanike: Ku bar shi, shi kaɗai ya taɓo zancen. Ku dubi cikin jirgin ma. H125 daɓensa shimfiɗaɗɗe ne, ka cire kujeru ka jera na'urorin awo yadda kake so. 407 akwai shinge tsakanin matuƙi da na baya. Aikinmu na na'ura ne, ba ɗaukar manya ba.

Kaftin: Ka hau 407 ka ji yadda yake tafiya sumul, yana bin hannu kamar doki mai horo. Ku masu sifana ba ku san wannan ba. Na Faransa ma farfelarsa baibai take juyawa, sai mutum ya sake koyon taka feda.

Bakanike: Baba, "masu sifana" ɗin nan su ke sa hannu kafin ka tashi. Wanda ya saba da H125 shi ma naku ne baibai a wurinsa.

Ɗan Bukuru: Ka ga ka sake yi wa babba rashin kunya.

Direba: Jirgin da ya faɗi a unguwar Kabong ta Jos a Maris 2012, har mataimakin sufeto-janar na 'yan sanda, DIG Haruna John, ya rasu, ba Bell ba ne?

Kaftin: Wancan 427 ne, mai inji biyu, ba 407 ba. Kuma kada a jawo mamata cikin gardamar nan. Mutanen unguwar ba su manta ranar ba.

Direba: Allah ya ba ka haƙuri, tambaya na yi.

Malama: Ni har yanzu Ɗan Bukuru bai janye ƙaryar da ya yi mini ba.

Bakanike: Jama'a, ba wanda zai ce komai kan tudu da zafi?

Shugaban Zaure: Dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta: an yi ittifaƙi cewa kalmar akwala ba ta dace ba, kuma ya kamata Bakanike ya nemi afuwar Baba Kaftin, wanda ya tuƙa jirgin da hannunsa, ya kuma nuna mana 407 ya fi sabunta da daɗin tuƙi. Maganar Everest abin burgewa ce, amma mu a Filato muke. Malama da Ɗan Bukuru ku ƙarasa taku ta waya. Na rufe zancen sai da safe.

Bakanike: Yaushe aka yi ittifaƙin, shugaba? Ni ban ga inda aka ƙirga ba.