Tsinken tunjere ya nuna layi biyu, RPR kuma bai nuna komai ba

Ɗan Ringim: Salamu alaikum malamai. A wajen awon ciki, tsinken gwajin tunjere yakan fito da layi biyu, wato alamar akwai cutar, amma da an ɗiga ruwan jinin matar a katin RPR (wani gwajin tunjere ne da ake yi a kan kati, in akwai cutar sai ya yi gudaji) sai ya kwanta sumul, ba gudaji. Wanne za mu ɗauka?

Malam na Gumel: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka rubuta "babu" sai ka sirka jinin tukuna. Antibodi, wato sinadarin da jiki ke yi don kama cuta, kowace irin da ake kira IgG hannu biyu gare ta. Gudajin nan baƙaƙe suna fitowa ne idan ta kama ƙwayar antijin (ruwan gwajin da ake ɗigawa a kati) ɗaya da hannu guda, wata ƙwayar da ɗaya hannun, har su sarƙe kamar raga. To in antibodi ta yi yawa ƙwarai, sai ta cike duk wuraren kamawa da ke jikin antijin, kowace ta riƙe da hannu ɗaya, ragar ba ta ɗaure. Ciwon na nan, har ma ya yi ƙarfi, amma kati fes. An fi ganin haka a mataki na biyu na tunjere.

Zuba ruwan gishiri na 0.9%, maikrolita 50, a da'ira huɗu. Sa ruwan jini 50 a ta farko, gauraya, ɗebi 50 zuwa ta gaba, haka har ƙarshe, ka zubar da 50 na ƙarshen. Ka sami 1:2, 1:4, 1:8 da 1:16 ke nan. Ɗigon antijin ɗaya a kowace, a juya katin a kan injin juyawa minti 8, zagaye 100 a minti ɗaya.

Hajiya ta Kazaure: Malam ya yi daidai, sai dai akwai saura. Shi tsinken, antibodin da ke kama ƙwayar cutar kanta yake nema, ita kuwa takan zauna a jini har abada ko an warke. RPR kuwa wadda ke kama kadiyolifin, wani nau'in kitse da ke cikin antijin, yake nema, kuma tana raguwa bayan magani. In an sirka bai fito ba, a tambayi matar ko an taɓa yi mata allurar maganin tunjere. In ba tabbas, mai ciki ba a jinkirta mata: a yi mata allurar benzatin fenisilin, yunit miliyan 2.4, saboda jaririn.

Malam na Gumel: Hajiya, Allah ya ƙara sani. Da hunturu kuma a rufe katin da murfi mai damshi yana juyawa. Gefen da'ira kan bushe ya yi kama da gudaji. Antijin ya zauna a firji, digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, kuma ya huce daga sanyi kafin a ɗiga.